Sabon Bodi da Tsohon Ƙwan Fitila

A ƙasarmu mota ba ta mutuwa gaba ɗaya. In inji ya gaji a sauke shi a ɗora wani, in bodi ya ruɓe a ƙera sabo, kuma muddin shasi yana tsaye motar tana nan a kan hanya. Duk wanda ya taso a Maraɗi ya san tsofaffin Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda mu a nan muke kira bashe, ƴan'uwanmu na Katsina da Kano kuma suke ce musu akori-kura. Wasunsu a Kaduna aka harhaɗa su, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, kuma har yau akwai masu zuwa kasuwannin ƙauye da su, ko da yake abin da ya rage musu na asali bai wuce lamba da sitiyari ba. Masu walda, ko masu suda kamar yadda muka fi faɗa, su ne suka riƙe waɗannan motoci da rai. Sun gaji aikin daga kafintocin da suka riƙa yi wa manyan motoci bodin katako, kuma idonsu a kan ƙarfe ba ya kuskure.

Sai dai motocin da ke shigo mana yanzu daga tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome sun bambanta da bashen da. Cike suke da wayoyi, kuma wayoyin suna kai wa juna labari. Abin da ka taɓa a can ƙarshen baya, akwatin lantarkin da ke ƙarƙashin sitiyari ya san ka taɓa. Na ga haka da idona a kan motar yayana, kuma labarin ya cancanci a ajiye shi a rubuce, domin masu irin motarsa suna ƙaruwa.

Yayana direba ne. Kafin ya zama direba ɗan kabu-kabu ne, har ranar da wata mota ta kwashe shi a kan babur, ƙafarsa ta dama ta karye kusa da idon sawu. An sa masa ƙarfe, ƙashi ya haɗu, yana tafiya ba sanda, amma idon sawun ya sandare. Taka birki ba ya ba shi wahala, domin birki da dukan ƙafa ake danna shi, daga gwiwa. Abin da ba ya iya jurewa shi ne riƙe totur a rabi na tsawon awa uku ko huɗu, ƙafa a lanƙwashe wuri guda. In ya yi haka ƙafar kan kumbura har takalmi ya ƙi fita.

Wannan ne ya sa da ya tashi sayen mota bai nemi Hilux mai giyar hannu irin ta kowa ba. Ya samu wata tsohuwar akori-kura ƙirar Japan da aka yi wa kasuwar Amurka, mai sauya giya da kanta, kuma mai wata ƴar sanda a gefen sitiyari. In ka kai gudun da kake so ka taɓa sandar, motar za ta riƙe wannan gudun da kanta, ka ɗage ƙafa daga totur, har sai ka taka birki ta saki. Direbobinmu da suka yi lakwal suna ce wa abin regilatar, na Najeriya suna ce masa kurus. Ni a gidan rediyo, da na rasa sunan da tsohuwa a ƙauye za ta gane, sai na ce masa mariƙin gudu, kuma da wannan sunan zan ci gaba.

Abokansa sun yi masa dariya. A ganinsu kayan ƙawa ne na Turawa masu hanyoyi kamar tabarma. Shi kuwa da wannan ƴar sanda yake zuwa Damagaram, kusan kilomita 240, ta Agye da Gazawa da Tasawa da Takeita, ya sauke kaya ya kwana ya dawo. Da ita yake zuwa Galmi ɗauko albasa, da ita yake kai zogale da kayan lambu daga Jiratawa. Abincin gidansa da na mahaifiyarmu daga bayan motar nan yake fitowa, kuma shi ya biya mini kuɗin makaranta a Yamai lokacin yana kan babur. Don haka da bayan motar ya fara lalacewa, maganar ta shafe ni kamar yadda ta shafe shi.

Lalacewar ba daga nan ta samo asali ba. A arewacin Amurka da Kanada, in ƙanƙara ta rufe hanya lokacin sanyi, gishiri ake barbaɗawa don ta narke. Ruwan gishirin nan yana fantsama ƙarƙashin mota, ya shige kowane lungu, ya ci ƙarfe daga ciki. Motar kan iso mana fentinta yana sheƙi, ƙarƙashinta kuwa kamar gara ta shiga rumbu. Ta yayana shasinta ya tsira, amma akwatin baya ya tafi. Wata rana yaron motarsa ya taka tsakiya ƙafarsa ta burma. Aka lissafa kuɗin sayo wani akwatin na gwanjo, aka ga ya fi ƙarfinmu, kuma babu tabbacin shi ma gishirin bai ci shi ba. Sai Yaya ya ce gara a cire shi ɗungurungum a shimfiɗa bodi miƙaƙƙe, marar tudun taya a ciki. Akwatin kamfani yana da tuddai biyu a kan tayoyin baya, suna cinye wuri, ba ka iya kwantar da ƙofar ƙarfe ko fallen katako ko farantan sola su zauna daidai. Miƙaƙƙen bodi kuwa ta kowane gefe ana loda shi. Na kawo kuɗin adashina, ya kawo abin da ya tara, muka haɗa kusan jika 300, wato sefa 300,000.

Mai sudar da muka je wurinsa dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Ya zagaya motar sau biyu, ya kwanta ƙarƙashinta da tocila, ya bubbuga shasin da guduma yana sauraro. Da ya miƙe ya karkaɗe rigarsa sai ya ce, “Alhaji, gindin lafiya lau. Faɗa mini abin da kake so, ni kuma in faɗa maka abin da za ta yarda da shi.”

Yaya abu uku ya nema. Yana son faranti mai kaurin milimita 5, yana son a ƙara tsawon bodin da rabin mita a baya, yana kuma son a sude shi a jikin shasi ya zama abu ɗaya, kada ya taɓa motsi. Baba ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ƙi duka ukun.

A kan kaurin faranti, Baba bai yi lissafi da biro ba. Ya sa yaransa suka ɗaga falle mai milimita 5 da mai milimita 3, ya ce Yaya ya kama gefe ya ji. Daga baya na yi lissafin da kaina, ya fito daidai da abin da hannu ya ji. Ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kusan kilo 8 a kowace murabba'in mita. Bodinmu mita 2.1 ne a tsawo, 1.8 a faɗi. Da milimita 5 farantin kaɗai zai kai wajen kilo 148, da milimita 3 kuwa wajen kilo 89. Bambancin ya fi buhun siminti ɗaya, kuma buhu ne da za ka riƙa ɗauka kullum, zuwa da dawowa, ba mai biyanka kuɗinsa. A jikin ƙofar direba akwai takardar kamfani da ta nuna iyakar kayan da motar ke ɗauka, da awon Amurka: fam 1,500, wato kilo 680, har da nauyin direba da yaronsa. Duk kilon da sabon bodi ya ɗara tsohon akwati, daga cikin wannan za a cire shi.

A kan ƙarin tsawo, Baba ya nuna wani amalanken jaki da ke wucewa. “Ka taɓa ganin an loda amalanke kayan sun rinjaya baya?” Yaya ya ce ya gani, jakin har ƙafafunsa kan bar ƙasa. “To, motarka ma haka take. Nauyin da ya wuce aksul ɗin baya, gaba yake ɗagawa. Sitiyari ya yi sakayau a hannunka, ka juya ta ƙi juyawa, ka taka birki tayoyin gaba ba su kama ƙasa ba.” Ya ce tsakiyar kaya ta zauna a kan aksul ko ta ɗan gaba da shi kaɗan, kuma bodin ya tsaya inda shasi ya tsaya.

A kan sudewa a jikin shasi kuwa har ransa ya ɗan ɓaci. Ya ce shasi ba a yi shi don ya sandare ba. In mota ta shiga hanyar jar ƙasa, taya ɗaya a rami ɗaya a tudu, shasin yana murɗawa kaɗan ya koma. In ka liƙe shi da bodi mai tauri, murɗawar za ta taru wuri ɗaya, gefen sudar, nan zai tsage. Ga shi kuma zafin wutar suda yana rage wa irin wannan ƙarfen ƙarfi. Don haka a ramuka shidan da kamfani ya ɗaure tsohon akwati, nan za a ɗaure sabon da manyan notuna, a sa guntun roba tsakani.

Aikin ya ɗauki kwana tara, saboda ɗaukewar wuta da kuma ranar Juma'a. Ina tashi daga aiki da rana sai in biya ta can. Abin da ya fara burge ni shi ne ba a kan motar aka ƙera bodin ba. An cire tsohon akwati, aka auna, aka tura motar can gefe ƙarƙashin bedi, aka yi dukan aikin wuta a ƙasa a kan jakunan ƙarfe. Tankin mai yana nan ƙarƙashin inda akwatin yake, buɗe ga sama, kuma tartsatsi ɗaya ya isa. Ko ranar da dole ta sa aka ɗiga suda biyu a kan motar don riƙe ma'auni, sai da Baba ya sa aka cire kan batir, aka rufe tankin da jiƙaƙƙen buhu, aka kuma maƙala wayar ƙasa ta injin suda dab da wurin aiki, don kada wutar ta bi ta cikin wayoyin mota ta ƙona akwatin lantarki.

Dogaye biyu na ƙarfe mai kwari aka fara kwantarwa, daidai faɗin shasi. A kansu aka gicciya ƙananan bututu masu kusurwa huɗu, tazarar kamu biyu tsakaninsu, sannan aka zagaye da ƙarfen kusurwa. Baba ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye, sau biyu, har igiyar ta ba da tsawo ɗaya, kafin ya yarda a cika suda. Tsayin bodin daga taya ma da dalilinsa. Ya leƙa ya auna tazarar da ke tsakanin aksul da robar da ke tare shi in sifirin ya danne har ƙarshe, ya ƙara yatsa uku a kai. In ka rage wannan tazarar, ranar da ka yi lodi ka faɗa rami bodi zai sauko ya yanki taya. In ka yi yawa kuma, kayan sun yi sama, motar ta riƙa tangaɗi a kwana. Bakin zuba mai, wanda da yake jikin tsohon akwati, aka yi masa sabon mazauni a gefe, da gangara sosai don kada mai ya riƙa dawowa a gidan mai. A bayan kan motar aka tsayar da garkuwa mai raga, don in an taka birki da ƙarfi kaya kada su fasa gilashi su sami direba a ƙeya, kuma madubi ya riƙa ganin baya. Aka jera ƙugiyoyin igiya a ƙarƙashin baki, aka yi aljihunan da ake soka katangar gefe a cire in an so. Aka shafa jan fentin hana tsatsa, aka bi da baƙi.

Saura fitilun baya. Na asali a jikin tsohon akwati suke, sun tafi tare da shi. Yaya ya shiga kasuwa ya sayo dogayen fitilu irin na zamani, masu ƙananan idanu da yawa da ake kira LED. Suna da haske, ba sa cin batir, kuma kowace babbar mota yanzu su take sawa. Yaron Baba ya haɗa wayoyin launi da launi. Aka taka birki suka kama ja, aka sa sigina ta kama, sai dai tana ƙiftawa da sauri kamar mai firgita. Kowa ya ce ai haka sababbin suke. Aka yi addu'a, aka watse.

Washegari Yaya ya yi lodin buhu biyar na gero da ƴan kwalaye ya kama hanyar Damagaram. Bayan ya wuce shingen fita gari ya kai gudunsa, ya taɓa sandar. Ƴar koriyar fitilar gaban direba ta kama, amma da ya ɗage ƙafa motar ta fara rage gudu. Ya sake, ya sake, shiru. Kayan mutane ne, an yi alkawari, ba halin juyawa. Da ƙafarsa ya je, da ita ya dawo. Daren da ya iso na same shi zaune a tabarma, ƙafar cikin roba da ruwan ɗumi, matarsa tana yanka masa safa da almakashi don ta ƙi fita. Bai yi ƙorafi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ƙanena, in abin nan bai gyaru ba, mun yi wa wani bodi.” Nufinsa sai dai a sayar da motar.

Kwana huɗu muna yawon garaji. Galibin makanikanmu ba su taɓa gyara mariƙin gudu ba, domin ba wanda ya taɓa kawo musu shi. In ya mutu a motar wani, barinsa ake yi. Wani ya duba fis ya ce lafiya. Wani ya sauya makunnin da ke saman fedar birki, ba abin da ya canza. Wani ya ce wutar suda ta ƙona akwatin, sai an aiko da wani daga Kano. Baba da ya ji haka ya zo da kansa a kan babur, ya rantse cewa batir a cire yake, kuma mun shaida.

Sai muka faɗa hannun wani matashi mai kaifin kai, wanda ya buɗe zanen wayoyin motar a wayarsa ta hannu. Cikin rabin awa ya gano bakin zaren. Ya ce akwatin yana ganin kamar an taka birki ne kullum, shi ya sa ya ƙi kamawa. Maganinsa mai sauƙi ne: a yanke wayar da ke kawo masa labarin birki, a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, daga nan ba zai sake ganin birki ba, zai kama duk lokacin da aka so. Jika biyu, minti goma. Na ga fuskar Yaya ta washe, har ya sa hannu a aljihu.

Maigidan wurin, wani tsohon mai gyaran lantarkin mota da ke zaune a kan benci yana jan carbi, shi ya ɗaga hannu. “Yaro, in ka toshe masa kunne, ranar da Alhaji ya taka birki da gaske, wa zai gaya masa ya saki?” Matashin ya ce akwai kariya ta biyu a cikin makunnin. Tsohon ya ce ya sani, wasu motocin suna da ita, amma wanda ya ƙera motar bai sa biyu don a cire ɗaya ba. Ya juyo wurin Yaya. “Ɗana, a gudun 80 motarka tana cin mita 22 kafin ka ce bismillah. Saniya ta fito maka a Gazawa, kana danna birki inji yana danna mai, da buhu biyar a bayanka. Ni ba za a yi wannan a shagona ba.”

Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, “To Malam, ƙafar fa?”

Tsohon bai amsa ba. Ya tashi ya zagaya bayan motar, ya ce a sa sigina. Ya tsaya yana kallon yadda take ƙiftawa da sauri. Ya tambayi yaushe aka sa fitilun, aka faɗa masa. Ya shiga shago ya fito da tsohon ƙwan fitila na gilashi, mai zaren wuta a ciki, da guntayen waya biyu. Ya maƙala ɗaya a wayar birki, ɗaya a jikin shasi inda ya kankare fenti da wuƙa, ya naɗe ƙwan da tsumma ya ɗaure. Ya ce mu hau hanyar Tibiri mu gwada. Da allurar ta wuce 40, wanda shi ne mafi ƙarancin gudun da na'urar ke yarda ta kama, Yaya ya ƙara mai kaɗan ya taɓa sandar, ya ɗage ƙafa. Motar ta riƙe. Ya taɓa birki da ɗan yatsan ƙafa, ta saki nan take.

Da muka dawo tsohon ya yi mana bayani, kuma na rubuta shi a littafin aikina. A irin waɗannan tsofaffin motoci, akwatin mariƙin gudu yana sa ido a kan wayar fitilar birki. In ba a taka birki ba, yana so ya ga wayar nan ta zube sarai, babu ko ɗigon wuta a cikinta. Hanyar da take zubewa kuwa ita ce ta cikin zaren ƙwan fitila zuwa jikin mota. Ƙwan birki na gilashi, mai cin wat 21 zuwa 27, ƙofa ce a buɗe ga ƴar wuta kaɗan. Fitilar LED ba ta barin irin wannan ƴar wutar ta wuce, sai ta taru a wayar, akwatin ya kasa tabbatar da cewa birki a sake yake. In kuwa bai tabbatar ba, an gina shi ne ya ƙi karɓar totur. Saurin ƙiftawar sigina ma daga nan yake: na'urar sigina ta ji nauyin ƙwai ya ragu, ta ɗauka ƙwai ya mutu, tana sanar da direba. Akwai ƴar fitilar birki ta uku a saman kan motar da za ta iya riƙe hanyar, amma ƙwanta ya mutu tun kafin motar ta iso ƙasar nan. Sannan sabon fentin Baba ya shiga tsakanin wayar ƙasa da ƙarfe, ya ƙara tsananta abin.

Gyara iri biyu ya ba mu zaɓi. Ana iya barin sababbin fitilun a ƙara musu wani ɗan ƙarfe mai shan wuta da ake sayarwa don wannan matsalar, amma yana zafi ƙwarai in an daɗe a kan birki. Ya tambayi Yaya ko yana ɗaukar harawa. Yaya ya ce da kaka kusan kullum. Tsohon ya ce to a bar wannan. Aka cire fitilun zamani, aka sa na babbar mota masu ƙwan gilashi, aka ja wayar ƙasa ta musamman har jikin shasi, aka sauya ƙwan saman kai. Ƙwayayen da suka ta da mu tsaye kwana huɗu duka ba su kai jika ɗaya ba.

Daga baya na bi tarihin na'urar don shirin da nake gabatarwa na direbobi, na tarar da abin da ya sa na ƙara ganin girmanta. Wanda ya ƙirƙiro ta, Ralph Teetor, injiniya ne ɗan jihar Indiyana a Amurka, kuma makaho ne tun yana ɗan shekara biyar. Bai taɓa tuƙa mota a kan hanya da idonsa ba. Ana ba da labarin cewa lauyansa ne ke tuƙa shi, in yana magana ya rage gudu, in yana sauraro ya ƙara, har abin ya ishe shi. Ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1950, kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motocinsa a 1958, kuma ta bazu sosai bayan tsadar man fetur ta 1973, da Amurkawa suka ga gudu ɗaya ba hawa da sauka yana rage shan mai. Da na gaya wa Yaya, dariya ya yi ya ce ashe mai lalura ne ya yi wa mai lalura.

Ranar da na kawo maganar a rediyo, layin waya bai huta ba. Wani direban Ƙonni ya ce wannan na'ura ba ta hanyoyinmu ba ce, kuma ban ƙaryata shi gaba ɗaya ba. Hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram har Diffa, ta cikin garuruwa take ratsawa. Akwai tudun rage gudu a bakin kowane gari, akwai jakuna da awaki, akwai amalanke marar fitila da magariba, akwai ramukan da damina ke bari. Wanda ya danna sanda ya naɗe ƙafa a kan kujera, kabarinsa yake haƙa. Yaya yana da ƙa'idojinsa: ba ya kunna ta da dare, ba ya kunna ta cikin ruwa ko ƙurar hunturu mai rufe ido, ba ya wuce 80, kuma ƙafarsa tana shawagi a kan birki, hutawa kawai take daga lanƙwasa. Tsakanin gari da gari, inda ido ke ganin nesa, nan take yi masa aiki, minti goma a nan, sha biyar a can. Jimillarsu ce ke sa ya sauka a Damagaram da takalminsa a ƙafa.

Abin da na fi nanata wa masu saurare shi ne maganar yanke waya, domin ta wuce mariƙin gudu. Mun saba, in fitilar gargaɗi ta dame mu a cire ƙwanta, in fis yana yawan ƙonewa a naɗa masa zaren waya mai kauri, in ƙarar bel ta ishe mu a soka masa ƙarfen banza. Talauci ne ya koya mana dabara, kuma dabarar ce ta riƙe bashen 404 shekara arba'in a kan hanya, ba na raina ta. Amma Baba mai suda da tsohon mai lantarki su ma ƴan wannan makarantar ne, ba wanda ya je Turai a cikinsu, kuma kowannensu sai da ya tambayi dalilin da ya sa aka yi abu yadda aka yi shi kafin ya sa masa hannu. Masu sauya bodi su riƙa tunawa da cewa aikin bai ƙare a wurin mai suda ba. A kai motar wurin mai lantarki ya duba fitilu da wayar ƙasa, a kuma je a gyara takardun mota su dace da sabon bodin kafin jandarma ya tambaya.

Bodin yanzu ya shiga shekara ta biyu. Baba ya ce a riƙa ɗaure notunan shida bayan kowace damina, ana kuwa yi. Fenti ya goge a tsakiya inda buhuna ke gurzawa, amma ko tsaga ɗaya babu. Tsohon mai lantarki ya bar wa Yaya wasiyya guda: duk ranar da mariƙin gudu ya sake ƙin kamawa, kafin ya zargi komai ya sauka ya duba fitilun birki, domin mai yiwuwa na bayansa ba sa ganin yana tsayawa. Yaya bai jira hakan ba. Kowace safiya kafin ya fita, ƴarsa ta fari, mai shekara bakwai, takan tsaya a bayan motar da kayan makarantarta, ya taka birki, ta ɗaga murya ta ce, “Baba, duka uku sun kama!” Sannan ya sa giya.

Allah Ya tsare matafiya, Ya sa kowa ya sauka lafiya.